"Aiki da godiya": abin da takardar tambaya ba ta ji ba a otel

A hutun da ya wuce ina gida Matameye, wani abokina da muka yi lise tare a Damagaram ya kira ni. Shi karatun tafiyar da kamfanoni yake yi, kuma ya kai ga rubuta memuwar ɗinsa. Batun da ya ɗauka shi ne wanda ake yayi yanzu a sashensu: shin ayyukan alherin da otel ke yi wa al'umma suna sa ma'aikatansa su ji daɗin aikinsu? Ya riga ya samo takardar tambayoyi da Faransanci, wadda ita ma daga Turancin Ingilishi aka juyo ta. Matsalarsa ɗaya, rabin mutanen da zai tambaya ba su karanta Faransanci. Ya ce, "Kai ne mai karatun harshe, juya mini ita zuwa Hausa, ka raka ni mu zagaya. Kwana biyu ne kawai." Ya haɗa mini da kuɗin mota da ɗan na shayi. Na amsa ba tare da dogon tunani ba, don a ganina aikin awa guda ne.

Wannan rubutu suka ce ga waccan takarda, kuma tun da ni na fassara ta, sukar tana hawa kaina kafin ta hau kan kowa. Ba zan faɗi sunan otel ko ɗaya da muka shiga ba, saboda mutanen da suka yi mana magana har gobe can suke neman abincinsu.

Ga wanda bai taɓa cin karo da batun ba, ƴan Faransanci suna ce masa RSE, wato nauyin da ke kan kamfani game da al'ummar da yake zaune a cikinta. Tunanin ya taso a Amurka. Howard Bowen ya yi littafi a kai a 1953, Milton Friedman ya fito a 1970 ya ce kamfani ba shi da wani nauyi sai neman riba cikin bin doka, aka yi ta ja-in-ja har ƙungiyar ISO ta fitar da ƙa'idar da ake kira ISO 26000 a 2010. Masu nazarin otel sun kama batun da hannu biyu, don su kayan sayarwarsu mutum ne: wanda ya tarbe ka, wadda ta gyara maka gado, wanda ya kawo maka abinci. Hujjarsu mai sauƙi ce. Ma'aikacin da ya ga gidansu yana kyautata wa jama'a zai yi alfahari da shi, zai daɗe bai bar aikin ba, zai kuma tarbi baƙo da sakin fuska. Ba na musun haka na faruwa a inda aka ƙirƙiro tambayoyin. Abin da ya dame ni shi ne me ke faruwa da su idan suka sauka a Damagaram, suka shiga bakin Bahaushe.

Kuma batun ba na wasa ba ne a ƙasarmu. Taron ƙoli na Tarayyar Afirka da aka yi a Yamai a watan Yulin 2019 ya zo da Radisson Blu da Noom da Bravia, kusa da tsohon Gaweye. Damagaram ma ta samu nata gyaran fuska lokacin bikin Zinder Saboua a Disamban 2018. Matasa da yawa sun shiga aikin masauki a waɗannan shekaru. Sannan bayan 26 ga Yulin 2023 takunkumin CEDEAO ya sauka, Najeriya ta yanke wuta, aka rufe iyaka, mu da ke kusa da Ɗan Barto mun ga yadda hanya ta mutu. Otel ɗin manyan garuruwan jihohi da taron ƙungiyoyi da na furoje yake rayuwa, kuma tarukan suka ja baya. A irin wannan lokaci ne ake gane wane ne "ɗan gida" a otel, wane ne kuma za a ce wa ya ɗan huta tukuna sai an neme shi.

Kalmar farko da ta tsayar da ni ita ce satisfait. Tambaya ta ɗaya tana cewa, a taƙaice, ko kai satisfait ne da aikinka. Na rubuta "ka gamsu da aikinka?" sai na goge. A Hausar da muke yi a gida, mutum da hujja yake gamsuwa, ko da bayani. Malam ya yi maka fassara ka gamsu. Gamsuwa da aiki Hausar rediyo ce, mai wanki ba ta faɗinta. Na gwada "aikinka ya wadatar da kai?" sai na ga tambayar ta koma ta albashi kaɗai, kuma wa zai ce ya wadatu? Na gwada "ka ƙoshi", na yi wa kaina dariya. A ƙarshe na tsaya a kan "kana jin daɗin aikinka?" Da baki kuwa, lokacin da muke zagayawa, don in sassauta wa mutane, sai na riƙa fara wa da "yaya aikin?" A nan na yi ɓarnar da ban lura da ita ba sai daga baya.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san "ina aiki?" ba tambaya ba ce. Gaisuwa ce, kuma amsarta a ɗaure take kamar yadda ake ɗaure akuya a turke: "aiki da godiya." Ina gajiya? Ba gajiya. Yaya jiki? Da sauƙi. Na taɓa zuwa duba wani tsoho a unguwarmu ana saura kwana biyu ya rasu, da kyar yake buɗe ido, na ce "Baba, yaya jiki?" ya ce "da sauƙi." Bai yi ƙarya ba. Ya ba da amsar da tambayar ke nema. A ajinmu mun karanta J. L. Austin, wanda ya nuna tun 1962 cewa akwai maganganun da ba labari suke bayarwa ba, aiki suke aikatawa. "Da godiya" tana cikinsu: tana rufe gaisuwa, tana nuna mai maganar yana da tarbiyya, tana kuma tsare shi daga butulci ga Ubangijinsa. Ba ta auna komai game da otel. Amma abokina yana gefe da biro, duk wanda ya ce "alhamdu lillahi, mun gode Allah" sai ya sa masa maki a gidan "na ji daɗi ƙwarai."

Gidajen nan biyar da ake sa maki, daga "sam ban yarda ba" zuwa "na yarda ƙwarai", wani Ba'amurke ne mai suna Rensis Likert ya tsara su a 1932. Dabarar tana ɗauka cewa mutum zai iya tsayawa gaban baƙo ya ce "sam ba na jin daɗi" kamar yadda zai faɗi lambar takalminsa. Mu ma muna da ma'auninmu, sai dai ba a manyan kalmomi yake ba. Yana cikin ƙananan nan da nahawu ke wucewa da sauri: dai, kam, fa, to. Ku saurari bambancin da kunnenku. "Mun gode Allah." "Mun dai gode Allah." "To, ana dai yi." "Ba laifi kam." "Sai haƙuri." "Muna nan dai." Duk wanda ya sha nonon Hausa ya san "ba laifi kam" ta fi "mun dai gode Allah" daɗi nesa ba kusa ba, ko da yake ta farkon ce ke da kalmar laifi, ta biyun kuma ke da sunan Allah. "Ana dai yi" kuwa, da wannan "ana" da ta ɓoye mai maganar, kusan kuka ce. A takardarmu duk waɗannan gida ɗaya ko biyu suka faɗa, kuma gidajen na sama ne.

Wadda ta buɗe mini ido yayata ce, ɗiyar wan babana. Shekararta huɗu tana gyaran ɗakuna da wanki a wani otel a Damagaram, kuma yana cikin waɗanda muka je. A can, a ɗakin da manaja ya ba mu, kusa da ofishinsa, ƙofa a buɗe, na karanta mata tambayoyin kamar ban san ta ba, ita ma ta amsa kamar ba ta san ni ba. Komai alhamdu lillahi. Bayan sati biyu ta zo gida suna. Da dare muna tsakar gida ana ɓare gyaɗa, sai ta dube ni ta ce, "Mushe, takardarku ta ce muna jin daɗi ko?" Na ce ai ke kika faɗa. Ta ce, "Kai ma dai. Ka zo da abokinka da biro, mai gida ya ba ku kujera, ya aiko muku da lemu, sannan ka tambaye ni ko ina jin daɗi. Me kake so in ce? Ciki ai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

William Labov ya sa wa wannan suna tun 1972: mai bincike yana son ya ji yadda mutane ke magana in ba a kallonsu, amma ba shi da hanyar ji sai ta kallonsu. Mu mun yi abin da ya fi haka muni, don mun kalle su ta tagar mai biyan su albashi. Sannan wa muka tambaya ma? Jerin sunayen daga ofis ya fito. Masu tarbar baƙi suna ciki, mai lissafi yana ciki, shugaban kicin yana ciki. Mai gadi ba ya ciki, wai shi ma'aikacin wani kamfanin tsaro ne. Yaran da ke sitaj, waɗanda wasunsu sitaj ɗin ya daɗe har ya manta ranar da ya fara, ba su ciki. Matan da ake kira ranar da aka samu taro su wanke kwanuka a sallame su da yamma, ba su ciki. Yaya ta shiga ne don ta daɗe. Wato an tace mana waɗanda suka fi samun sauƙi, mu kuma muka auna sauƙinsu.

Akwai kuma abin da mai amsa ke gwada aikinsa da shi. Idan ma'aikacin otel a Faransa ya ce ya ji daɗi, da wani aikin da zai iya samu yake gwadawa. Macen da ta fito daga gundumar Kance da me take gwadawa? Ba wanda ya manta Oktoban 2013, lokacin da aka tsinci gawarwaki 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, kuma da yawansu daga wannan yanki namu suka tashi. Wadda ta san maƙwabciyar da ta bi wannan hanya, in ka tambaye ta ko tana jin daɗin wanke zannuwan gado a inuwa, amsarta gaskiya ce. Da babu gara ba daɗi. Sai dai wannan gaskiyar labarin talaucin Kance take bayarwa. Ba shaida ba ce cewa otel ya kyauta.

Kalma ta biyu ta fi ta farko haɗari, kuma a nan ne nake ganin ainihin cutar take. Responsabilité. Hausa ba ta rasa kalmomi masu nauyi a nan ba: alhaki, haƙƙi, nauyi, wajibi. Duk suna nufin abin da in ba ka yi ba ka ci bashi, kuma za a tambaye ka, in ba a nan ba a can. Amma da na karanta tambayoyin da ke ƙarƙashin wannan babi, sai na ga ba ɗaya da za ta ɗauki kalmar alhaki. Ko otel ɗinku yana taimaka wa mabukata? Ko yana tallafa wa ayyukan unguwa? Ko yana kula da muhalli? Dole na fassara da taimako, tallafi, alheri. Masu amsa kuwa nan take suka gane inda aka dosa: buhun shinkafa da sukari na azumi, ragon layya da ake yankawa a raba, turmin atamfa na ranar 13 ga Mayu, kuɗin da mai gida ya bayar da aka yi wa wani rasuwa. Kowa ya ce e, ana yi, Allah ya saka. Ga maki ya cika a babin RSE, ga maki ya cika a babin jin daɗi, kwamfuta ta haɗa biyun ta ce akwai dangantaka mai ƙarfi. To ina za ta rasa? Abu ɗaya muka auna sau biyu, wato ladabin Bahaushe gaban wanda ya ba shi kyauta.

Ku duba aikatau biyu: ba da biya. "An ba mu" tana jawo godiya, dole. Yaba kyauta tukwici, kuma wanda aka ba bai da bakin cewa bai isa ba. "An biya mu" ba ta neman godiya, lissafi take nema: nawa, yaushe, saura nawa. Na lura a bakin ma'aikata da yawa har albashi ya koma gidan ba. "Wannan watan ba a ba mu ba tukuna." "In mai gida ya samu zai ba mu." Ranar da albashi ya zama abin da ake bayarwa, ranar ya tashi daga haƙƙi ya koma alheri, kuma wanda ya tambayi inda ya tsaya ya zama marar kunya. Ba otel ne ya ƙirƙiro wannan salon magana ba, amma yana cin moriyarsa, takardarmu kuma ta zo ta buga masa hatimin jami'a.

Abin haushin shi ne su kansu masu wannan ilimi ba haka suka tsara shi ba. Archie Carroll, wanda kusan kowane memuwar a wannan fanni ke zana dalarsa ta 1991, hawa huɗu ya yi mata: a ƙasa kamfani ya tsaya da ƙafarsa, sai bin doka, sai yin abin da ya dace ko da doka ba ta tilasta ba, sannan can a ƙololuwa kyauta. (Dala irin ta gyaɗar Kano nake nufi, ba dala ta tamma biyar ba, ko da yake wani lokacin kyautar ba ta wuce ta biyun da yawa.) Mu mun kife dalar a kan tsininta. Hawa na biyu, na doka, ko tambaya ɗaya ba shi da ita a takardar, alhali abubuwan a rubuce suke. Dokar aiki ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumban 2012, ta sa awa 40 a sati, da hutun kwana biyu da rabi a kan kowane watan aiki, da hutun haihuwa na sati 14. Mafi ƙarancin albashi, SMIG, ya zauna a sefa 30,047 tun 2012, sannan daga baya aka ɗaga shi zuwa 42,000. Wajibi ne a yi wa ma'aikaci rajista a CNSS, inda kuɗin iyali da na haɗarin aiki da na fansho suke fitowa. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar a tambayi zuciyar mutum. Kana da kwantaragi a rubuce ko babu? Kana da lambar kes ko babu? Ana ba ka takardar albashi? Ranar nawa ga wata kuɗin watan jiya ya shigo hannunka? Waɗannan "da godiya" ba ta amsa su.

Wani zai ce, ai mu ba Turawa ba ne, muna da namu tsarin, mai gida da yaransa, kuma kyautar nan cikin tsarin take. Wannan magana tana da ƙarfi, ban raina ta ba. Sauke baƙo sana'a ce da Hausawa suka iya tun kafin a san kalmar otel. Fatoma yana sauke fatake, ya ciyar da su, ya adana musu kaya da kuɗi, ya haɗa su da masu saye, ya tsaya musu a kan bashi. Abner Cohen ya bayyana yadda masu gidajen Sabo ta Ibadan suke tafiyar da cinikin shanu da goro ta wannan hanya a littafinsa na 1969. Yaran irin wannan gida ba su da kwantaragi, gaskiya ne. Amma kowa ya san abin da ke wuyan mai gida: ci da sha da sutura, magani in an kwanta, aure in lokaci ya yi, ragon suna, a ƙarshe kuma jari, yaro ya tashi ya zama mai gidan kansa. Wanda ya ci ƙarfin yaro shekara goma ya sallame shi hannu rabbana, gari ne zai hukunta shi, don sunansa shi ne jarinsa.

Otel na yau ya ari kalmomin wannan tsari ya bar nauyinsa. Ana ce wa ma'aikata "yaran gida", manaja yana cewa "mu duka iyali ɗaya ne", a taron ƙarshen shekara kuma da Faransanci ana kiransu abokan aiki. In ka nemi abin da doka ta ba ka, sai a tuna maka nan gida ne, ba a yi wa uba lissafi. In ka nemi abin da gida ke bayarwa, ka ce matarka ta haihu ko kana son jari, sai a tuna maka nan kamfani ne, akwai tsari. Ma'aikaci ya zauna tsakanin kujeru biyu, ƙasa ta karɓe shi. Yaya ta faɗe shi a gajarce: "Ranar aiki ƴaƴa ne mu. Ranar biya ma'aikata ne, sai a jira kwantabul."

Sai maganar fuska. Arlie Hochschild ta yi nazarin ma'aikatan jirgin sama a littafinta na 1983, ta nuna murmushin da suke yi aiki ne kamar ɗaukar kaya, ana sayar da shi, yana kuma gajiyarwa. Mu da muke cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, mun ba otel wannan kaya kyauta, tun daga gida aka koya mana shi. Mutumin da aikinsa kullum shi ne ya nuna wa baƙo komai lafiya, ka zo kai ma baƙo da takarda ka tambaye shi ko komai lafiya. Aikinsa ya yi maka, ba amsa ya ba ka ba.

A ɗakin wanka na wani otel ɗin na ga ɗan katin nan da ke roƙon baƙo ya sake amfani da tawul don a ceci duniya, da Faransanci da Ingilishi. A kan irin wannan katin ne wani Ba'amurke, Jay Westerveld, ya ƙago kalmar da ake zagin kamfanoni da ita tun 1986, wato shafa wa kai koren fenti. A Damagaram, inda kowa ya san wahalar ruwa da layin jarkoki, tattalin ruwa ba abin dariya ba ne, na yarda. Na dai lura katin bai yi magana da mai wankin ba, kuma ba a harshenta yake ba.

Akwai wata tambaya da takardar ba ta yi ba, wadda ni a ganina ta fi duk sauran auna yadda mutum yake ji da aikinsa: in an tambaye ki a garinku ina kike aiki, me kike cewa? Kalmar otel a Hausa ba ta da tsabta, kowa ya sani. Tana ɗauke da warin giya da zargin masha'a, kuma "ƴar otel" zagi ne. A Matameye yaya cewa take tana aiki a "gidan baƙi", wasu tsofaffin ma an bar su a kan cewa wani ofis ne. Mace tana tashi da asuba, tana cin halalinta, tana biya wa ƙannenta kuɗin lakwal, amma ba ta iya faɗin sunan wurin aikinta a gidan biki. Wanda ya rubuta tambayoyin a Amurka ba zai taɓa tunanin wannan ba, ba kuma laifinsa ba ne. Laifin namu ne da muka ɗauko ba mu ƙara ba.

Kada in yi rashin adalci. A nan ɗin ne na ga inda alherin otel ke taɓa ma'aikaci da gaske. Lokacin zafi, da ruwa ya yanke a unguwar, otel ɗin su yaya ya buɗe wa maƙwabta famfonsa na waje. Ta ce a kwanakin nan matan unguwa da sunanta suke gaishe ta, har da waɗanda a da in ta wuce sai su kau da kai. Ta ji daɗin wannan, ba kuma na gaisuwa ba, na gani a idonta. Wato masu nazarin ba su yi kuskure ba da suka ce mutuncin gida yana zuba a kan ma'aikaci. Amma a cikin hira ɗaya ta gaya mini wata biyu ke nan ana ba su rabin albashi, kuma har yau ba ta taɓa ganin lambarta ta kes ba. Abubuwan biyu duka gaskiya ne, zaune a zuciya ɗaya. Takarda mai kyau za ta kama su duka ta nuna wanne ya fi nauyi. Tamu ta kama na farko ta lulluɓe na biyu da shi.

Ko a sama ma, in rigima ta tashi ba a kan kyauta take tashi ba. A watan Maris na 2025 hukuma ta janye izinin otel ɗin Soluxe na Yamai, cikin dalilan da ta bayar har da nuna bambanci, kuma a watan ne aka sallami shugabannin kamfanonin man fetur uku ƴan Sin, har da na matatar SORAZ da ke nan jiharmu, inda aka ambaci tazarar albashi tsakanin baƙi da ƴan ƙasa. Kowa da yadda yake kallon siyasar abin, ba ita ce gabana ba. Abin lura shi ne ba wanda ya ce laifinsu rashin rabon shinkafa.

A watan nan dai na Maris ɗin 2025 sabon kundin ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Mun yi murna a tsangaya, har da masu tafi. Amma ma'anarsa ita ce irin wannan aiki da na yi a kan kuɗin shayi zai yawaita: dokoki, takardun bincike, sanarwar kamfanoni, duk za su bi ta hannun ɗalibai irinmu. Wanda ya zauna ya zaɓi ko responsabilité za ta zama alhaki ko ta zama alheri, ya yanke wa mai wanki hukunci ba tare da ya taɓa ganinta ba. Kalmomin biyu da harafi ɗaya suke farawa, tsayinsu ɗaya, a kan takarda kamar wa da ƙane. Ni na ɗauki ta biyun don ita ta fi zama daidai da tambayoyin da aka miƙo mini, ban kuma ce wa abokina tambayoyin ne gurgu ba.

Daga baya na faɗa masa. Na ce mu sake zagaye, a wajen otel, a gidajensu ko a tasha, ba biro a hannu. Mu bar tambayar jin daɗi, mu tambayi abin da ake ƙirgawa, sannan mu ƙara guda ɗaya da gaisuwa ba ta da amsarta: in ƙanenka ya gama lakwal, za ka kawo shi nan aiki? Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ya gane, amma takardar da ya yi amfani da ita "ingantacciya" ce, an gwada ta a ƙasashe da yawa, in ya taɓa ta masu jarrabawa za su tambaye shi wa ya inganta tasa. Ga lokaci ya ƙure, ga kuɗin mota. Ban ga laifinsa sosai ba, ni ma shekara mai zuwa ina gaban irin wannan teburi. Ya dai yarda ya sa sakin layi ɗaya a babin iyakokin bincike, cewa fassara tana iya shafar amsoshi.

Tambayar ƙanen kuwa na gwada ta a kan yaya kafin ta koma, muna jiran mota a tasha. Autarsu bana za ta yi BEPC. Na ce, "Yaya, in ta gama, za ki nema mata wuri a wajenku?" Ba ta ce alhamdu lillahi ba, ba ta ce ba laifi ba. Ta gyara ɗaurin kallabinta, ta ce, "Ina raye? Keken ɗinki nake tara mata."